Sa'a Ko Dabara? Darasi Daga Harafin Japan Da Allon Gida

Daga wani ɗalibi ɗan aji biyar

Ina so in faɗi ra'ayina a kan wani al'amari da ya shafi kowane ɗalibi, ya kuma shafi iyayenmu da suke ɗauke da nauyin karatunmu. Al'amarin kuwa shi ne yadda za mu riƙe abin da aka koya mana, kada ya zube kafin ranar jarrabawa.

Duk wanda ya zauna a makarantar kwana ya san kalmar da ta fi kowace yawo idan jarrabawa ta matso, watau "sa'a". Wanda ya ci, a ce ya taki sa'a. Wanda ya faɗi, ya ce ba shi da sa'a, abin da ya karanta bai fito ba, ko kuwa ya fito amma kansa ya ɗauke. Har akan kawo karin maganar nan, wai sa'a ta fi manyan kaya. Ni a ganina mun ɗora wa sa'a kayan da ba nata ba. Yawancin abin da muke kira rashin sa'a mantuwa ce kawai. Mantuwa kuwa tana da magani, maganin kuma yana nan a gidajenmu tun zamanin kakanni, mu ne muka raina shi. Don in tabbatar da haka, zan ɗan kai mai karatu ƙasar Japan, sa'an nan mu komo nan Tudun Wada.

Turanci yana da haruffa 26, Larabci yana da 28, amma duk da haka akwai masu kukan wuya. To, bari mu dubi yaron Japan. Shi yana da jerin haruffa iri uku da zai koya. Akwai hiragana guda 46, akwai katakana guda 46. Na ukun shi ne babban dutsen, ana kiransa kanji. Waɗannan alamomi ne da mutanen Japan suka aro daga ƙasar Sin fiye da shekara dubu da suka wuce, kowace alama tana ɗauke da ma'ana tata. A shekarar 2010 gwamnatin Japan ta fitar da jerin kanji na amfanin yau da kullum, guda 2,136, waɗanda ake so duk mai karanta jarida ya sani. Daga cikinsu yaro zai koyi 1,026 a shekaru shida na firamare. A aji ɗaya ana ba shi 80, a aji biyu 160, a aji uku 200, haka dai har ya gama. Bugu da ƙari, yawancinsu ana karanta su ta hanya biyu ko fiye, gwargwadon kalmar da suka zo a ciki.

Kada mai karatu ya ce wannan abu ne mai nisa da mu. Duk wanda ya tsaya a bakin titi a Agoro zai ga motoci da babura masu suna Toyota da Honda suna wucewa. Wannan "ta" ta ƙarshen Toyota da "da" ta ƙarshen Honda harafi ɗaya ne a rubutun Japan, ga shi: 田. Ma'anarsa gona. Dubi shi da kyau, ai fili ne aka kewaye aka raba shi gida huɗu, kamar yadda masu noman rani suke yanka fadama. Wanda aka gaya wa haka sau ɗaya, da wuya ya manta.

Yanzu bari in kawo harafin da ya sa na ɗauki alƙalami. Wani yayana da yake karatu a jami'a a Samaru ya nuna mini shi a lokacin hutu, ya ce in gwada riƙe shi. Ga shi: 福. Mutanen Japan suna karanta shi "fuku", ma'anarsa sa'a, ko arziki, ko albarka. Shi ne a farkon sunan birnin Fukuoka da na lardin Fukushima, inda girgizar ƙasa da ambaliyar teku suka lalata tashar lantarki ta nukiliya a 2011. Yaran Japan suna koyonsa a aji uku na firamare. Ana rubuta shi da jan alƙalami sau 13, kuma kowane ja yana da lokacinsa, ba a fara na ƙasa kafin na sama.

Idan aka ce wa mutum ya haddace zane 13 da ba su da alaƙa da juna, kafin gari ya waye rabi ya gudu. Amma bari mu farfasa shi. A gefen dama, can sama, akwai layi ɗaya a kwance, wannan shi ne harafin "ɗaya". A ƙarƙashinsa akwai ɗan akwati, shi ne harafin "baki". A ƙarƙashin wannan kuma ga tsohuwar abokiyarmu gona. A gefen hagu akwai wata alama mai ja huɗu, wadda take zuwa a haruffan da suka shafi ibada da roƙo. To, huɗu da ɗaya da uku da biyar, 13 ke nan. Zane 13 sun koma abu huɗu. Saura a ɗaure abu huɗun nan da igiya ɗaya, watau ɗan labari. Ga nawa: mutum ne ya tsaya yana roƙo, baki ɗaya gare shi da zai ciyar, ga kuma gona sukutum tasa. Wa ya kai shi sa'a? Tun ranar da na ƙulla wannan labari, harafin ya zauna. Ko an tashe ni daga barci zan rubuta shi.

Wannan hanya ita nake kira dabarar tuni. Wani Ba'amurke mai suna James Heisig ya shahara da ita. A 1977 ya fitar da littafi a kan yadda baƙo zai riƙe kanji wajen dubu biyu ta hanyar ba kowane ɓangare suna, da ƙulla labari tsakanin ɓangarorin. Har yau masu koyon harshen Japan a ƙasashe da yawa suna amfani da littafin, ana ta yabonsa da cewa ya kawo sauƙi.

Ni kuwa da na ji wannan bayani sai na ce, ashe abin da ake yabon Bature a kansa, malaminmu na allo ya riga shi da ɗaruruwan shekaru. Ina roƙon duk wanda ya taɓa riƙe allo ya tuna da babbaƙu. Malam bai ce mana ga baƙi na goma sha takwas ba. Suna ya ba kowane baƙi, sunan kuma hoto ne da Hausa. Ain idan ya zo a farkon kalma bakinsa a buɗe yake, sai aka kira shi ain baki wofi, yara suka gajarta suka ce ambaki. Idan ya shiga tsakiyar kalma ya rufe, sai ya yi kama da abin da mahayi yake zura ƙafa a ciki, aka ce masa ain likkafa. Akwai baƙin da yake da sanda a tsaye kamar ɗalibi ya ɗaga hannu a aji, aka ce ɗa mai hannu. Ba idan ya zo ƙarshen kalma ya miƙe, aka ce ba guje, haka ta guje da fa guje. Jim da wutsiyarsa ta lanƙwasa, aka ce jim ƙarami koma baya. Ga lam jaye da mim jaye, ga nun guda da nun ara. Ɗigo kuwa ruwa aka kira shi, don haka aka bambanta sin da shin mai ruwa, aka bambanta ha ƙarami da ha mai ruwa. Sunayen sukan ɗan sha bamban daga gari zuwa gari, amma hikimar ɗaya ce.

Mu lura da wani abu a nan. Baƙin Larabci yana sake kama gwargwadon inda ya faɗo, farko ko tsakiya ko ƙarshe. Wannan shi ne abin da ya fi rikita mai koyo. Malamanmu na da sai suka ba kowace kama sunanta, yadda yaro ɗan shekara biyar, wanda bai san ko kalma ɗaya ta Larabci ba, zai gane baƙi duk inda ya ɓuya. Likkafa ya san ta, gama yana ganin dawakin Sarki ranar hawan Salla. Ruwa ya san shi, gudu ya san shi. An ɗauki abin da bai sani ba an rataye shi a jikin abin da ya sani. Wannan ita ce dabarar tuni gaba ɗayanta, babu ƙari babu ragi. Sunayen nan kuwa ba na jiya ba ne. Wani Bature, Charles Robinson, wanda ya ratsa ta Zariya a kan hanyarsa ta zuwa Kano a 1894, ya tarar ana amfani da su, har ya jera su a littafinsa na nahawun Hausa da aka fara bugawa a 1897.

Hikimar ba ta tsaya a babbaƙu ba. Bayan farfaru, inda ake koyon wasali bisa da wasali ƙasa da rufu'a da ɗauri, sai a shiga hadda. Alƙur'ani mai girma sura 114 ne, izu 60, amma a ƙasar nan tamu akwai alarammomi da gwanaye da suke rubuta shi da ka daga farko har ƙarshe, abin da ake kira satu. Suna da wani fanni da suke kira harji, watau ƙididdige sau nawa kalma kaza ta zo, da wuraren da ta zo, don kada ayoyi masu kama da juna su rikice musu. Malaman jihadi kuma, irin su Nana Asma'u 'yar Shehu, sun zuba ilmi a cikin waƙa don mata da yara su riƙe shi ba tare da takarda ba. Har shekara ma suna da hanyar riƙe ta, wadda ake kira ramzi. Kowane baƙi yana da lamba. A lissafin da malamanmu suke bi, shin 1000 ne, ra 200, lam 30, ba 2. Idan ka haɗa baƙaƙen nan huɗu ka sami 1232, watau shekarar Hijira da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rasu, daidai da 1817. Lamba mai wuyar riƙewa ta koma kalma ɗaya da za a iya furtawa.

Ko bokon ma da aka zo rubuta Hausa da shi, sai da aka bi wannan hanya. A shekarun 1930, zamanin da Dokta Rupert East yake shugabantar hukumar talifi a nan Zariya, aka tsayar da haruffan nan uku, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta yaɗa tun daga fitowarta a 1939. Me muke kiransu? Masu ƙugiya, ko masu lanƙwasa. Hoto ne aka sake ba su don a gane su. Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945 yana nan kusa da mu, duk ɗan Tudun Wada ya san titinsa.

To, ina wannan hikima take tafiya idan muka shigo makarantar sakandare? A bakin ƙofa muke ajiye ta tare da allon. Da yawa daga cikinmu har kunya suke ji a ce sun yi karatun allo, wai ƙauyanci ne. Akwai ma wanda zai riƙe takardar Naira 1000 bai iya karanta ajamin da yake jikinta ba, alhali kuwa ya yi babbaƙu da farfaru yana yaro. Abin da muka ɗauka a madadin wannan hikima shi ne kwafar darasi daga allon bango zuwa littafi, a rufe littafin a jefa a akwati, sai saura mako ɗaya jarrabawa a ɗauko. Sai a shiga kwanan zaune, ana tauna goro ana jiƙa ƙafa a ruwan sanyi don kada barci ya zo. Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da aka cusa wa kai a dare ɗaya ba shi da maratayi, da an shiga ɗakin jarrabawa gaba ya faɗi, sai ya zube. Daga nan ne wasu suke faɗawa cikin satar amsa, su shigo da 'yan takardu a safa, a kama su a soke sakamakonsu, kuɗin da iyaye suka tara da kyar don biyan WAEC da NECO ya tafi a banza. Wannan ba ƙaramar hasara ba ce ga gidan da aka sayar da buhun masara ko akuya don yaro ya zauna jarrabawa.

Ba na musun cewa muna da 'yan dabarun tuni a aji. Kowa ya san BODMAS a lissafi, da SOHCAHTOA, da kuma MR NIGER D da muke riƙe siffofin abu mai rai da shi, watau motsi, da numfashi, da cin abinci, da jin abin da ya taɓa shi, da girma, da fitar da ƙazanta, da haihuwa, da mutuwa. Suna da amfani ƙwarai, shaida kuwa ita ce ko waɗanda suka bar makaranta da daɗewa suna tuna su. Amma guda nawa ne? Ba su fi a ƙirga da yatsu ba, kuma duk an gina su a kan Turanci. Me zai hana mu ƙirƙiro namu da harshen da muke mafarki da shi?

Bari in ba da misali biyu da na ƙulla don darasin tarihi. Hausa Bakwai su ne Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano da Biram. Ɗauki harafin farko na kowace, ka ce: "Don kaka ka zo gida ranar biki." Shi ke nan, bakwai ɗin sun shiga aljihu. Na biyu, gidajen sarautar Zazzau huɗu tun daga jihadi, bisa jerin yadda suka fara hawa gadon sarauta: Mallawa, Barebari, Katsinawa, Sulluɓawa. Ka ce: "Mun ba ka sarauta." Wanda ya riƙe wannan, ya riƙe gidajen, ya kuma riƙe jerinsu.

Akwai kuma wata hanya da mutanen Girka da Rum na da suke bi idan za su yi dogon jawabi ba takarda. Sukan ɗauki hanyar da suka sani sarai, su ajiye kowane batu a wani wuri a cikin zuciyarsu. Mu ma muna da tamu. Ka tashi daga Tudun Wada, ka shiga ta Ƙofar Doka, ka bi ta Babban Dodo, ka isa ƙofar fada, ka tsaya a tsohon Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarki Abdulkarimu. Wuri biyar ke nan. Idan tambaya tana da amsa biyar, ajiye kowace a wuri ɗaya tare da hoton da zai ba ka dariya. Ranar jarrabawa sai ka rufe ido ka yi tafiyar, ka bi kana tsintar kayanka.

Na san akwai waɗanda ba za su yarda da ni ba, kuma ya kamata a saurare su. Na farko zai ce wannan wasan yara ne, har ma ƙarya ce, gama labarin mai baki ɗaya da gona ba shi ne asalin harafin ba. Gaskiya ne. Masana tarihin rubutun Sin sun nuna cewa ɓangaren dama na 福 asalinsa hoton tulu ne cike, ba gona ba ce, ba kuma baki ba. Amma ai ain ma ba likkafa ba ne. Sunansa da Larabci ido yake nufi, kuma a tsohon rubutun Finikiyawa hoton ido ne. Harafin A na boko asalinsa kan sa ne, ka juya shi ƙasa za ka ga ƙahonin. Babu almajirin da ya ɓata don an ce masa ain likkafa. Da ya iya karatu sai ya daina tuna likkafar, kamar yadda yaro yake sakin bango idan ƙafarsa ta yi ƙwari. Sharaɗi ɗaya ne kawai, mai koyo ya san wanne ne dabara, wanne ne tarihi, kada ya rubuta labarinsa a takardar jarrabawa a matsayin amsa.

Na biyu zai ce ai wannan haddar aku ce, ilmin zamani kuwa fahimta yake so. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma ban ce dabarar tuni ta isa ita kaɗai ba. Littafin Heisig na farko ma'ana da rubutu kawai yake koyarwa, bai koyar da yadda ake furta haruffan ba, don haka wanda ya gama shi bai iya harshen Japan ba tukuna. Malamanmu ma sun san haka. Shi ya sa bayan allo akwai makarantar zaure, inda ake karanta Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala ana fassarawa kalma bayan kalma, abin da unguwanni irin su Juma da Kona a cikin birnin Zariya suka yi suna a kansa. Hadda tana gaba, fahimta tana biye, kowace da aikinta. Wanda bai riƙe jadawalin sau ba, yaya zai fahimci aljabara? Rabin lokacinsa zai ƙare wajen ƙirga bakwai sau takwas da yatsu. Fahimta tana bukatar kayan aiki, kayan kuwa a cikin kai ake ajiye su.

Na uku, watakila daga cikin iyayenmu, zai ce me ya haɗa ɗan Musulmi da rubutun mutanen da ba addininmu ɗaya ba, har da alamar wurin bautarsu a ciki? Ina amsawa cikin ladabi cewa ban kwatanta Littafin Allah da komai ba, hanyar koyar da yara kawai na kwatanta. Harafi kayan aiki ne kamar fartanya. Bokon da nake rubutu da shi yanzu daga Rumawa ya fito, lambobin da muke lissafi da su kuma daga Indiya suka biyo ta hannun Larabawa. Koyon yadda wasu suke rubuta "sa'a" bai sa na ɗauki abin da suka yi imani da shi game da sa'a ba. Abin da ya ƙara mini shi ne ganin girman malamin allon unguwarmu.

Saura abu ɗaya wanda in babu shi duk dabarar banza ce, shi ne maimaici. A 1885 wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya buga sakamakon gwajin da ya yi a kan kansa. Ya haddace jerin gaɓoɓi marasa ma'ana, ya riƙa auna yadda suke gudu. Ya tarar mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko, kafin kwana ɗaya wajen kashi biyu cikin uku sun tafi. Ya kuma tarar idan aka rarraba maimaici a kan kwanaki, ya fi a tara shi a zama ɗaya. To, wane almajiri ne bai san wannan ba? Ba a wanke allo sai an biya wa malam ya gamsu. Bayan an wanke kuma ba a sallami karatun ba, akwai tishi, akwai tilawa da asuba da dare. Yaron Japan ma haka yake, yana da littafi mai gidaje huɗu-huɗu da yake rubuta harafi ɗaya a ciki sau da yawa har hannunsa ya saba. Saboda haka ina ba 'yan'uwana shawara, abin da aka koya da safe a duba shi a firef na daren nan, a sake dubawa bayan kwana uku, a sake bayan mako, a sake bayan wata. Minti goma kowane zama ya fi kwanan zaune.

Kafin in rufe, akwai wani harafin sa'a na biyu da ya dace a sani, shi ne 運, ana karanta shi "un". Ja 12 ne, ɓangare biyu. A ciki akwai harafin rundunar yaƙi, wanda shi kansa yana ɗauke da hoton keken doki, a gefe da ƙasa kuma akwai alamar tafiya. Abin sha'awa, wannan harafi bayan sa'a yana nufin ɗaukar kaya daga wuri zuwa wuri. Da shi ake rubuta tuƙin mota, da shi ake rubuta motsa jiki. Labarin da na ƙulla masa gajere ne: runduna ce ta kama hanya, sa'a tana cikin kayanta. Bahaushe ya riga ya faɗa, zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Mutanen Japan su ma suna da nasu camfin jarrabawa. Ɗalibai sukan je wuraren bautarsu su ja 'yar takardar duba, wasu kuma sukan sayi cakulan KitKat don sunansa ya yi kama da kalmominsu masu nufin lalle za ka yi nasara. Amma babu wanda cakulan ya taɓa rubuta wa harafi 2,136. Mu kuwa, Musulminmu da Kiristanmu, mun yarda nasara daga Allah take, addu'a kuma ba abin wasa ba ce. Sai dai malamanmu suna yawan tuna mana hadisin mutumin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurta ya ɗaure raƙuminsa tukuna sa'an nan ya dogara ga Allah. Karatu ma raƙumi ne, in ba a ɗaure shi ba zai tafi. Dabarar tuni da tishi su ne igiyar.

Don haka ina da roƙo uku. Ga 'yan'uwana ɗalibai, kowane ɗakin kwana ya sami littafi ɗaya da za a riƙa tara dabarun tuni na Hausa a ciki, na kimiyya da tarihi da labarin ƙasa, manya su bar wa ƙanana idan za su fita. Ga malamanmu, muna roƙo idan an gama darasi mai jerin abubuwa a ba mu minti biyar mu ƙulla masa jimla ko labari da kanmu, gama wanda mutum ya ƙulla da kansa ya fi zama. Ƙungiyar Hausa ta makaranta tana iya shirya gasa a kan haka kowane zango. Ga iyayenmu kuma, idan mun zo hutu, bayan kun duba sakamako ku tambaye mu yadda muke riƙe karatu, ku kuma gaya mana yadda kuka riƙe naku. Kakar da ta san sunayen babbaƙu tana da abin da za ta koya wa jikanta mai shirin shiga jami'a.

Wannan shi ne ra'ayina. Wanda yake da wani daban, ga fili ga mai doki, sai mu ji daga gare shi a fitowa ta gaba. Allah Ya buɗa mana ƙwaƙwalwa, Ya saka wa iyayenmu da malamanmu da alheri, Ya ba mu sa'ar jarrabawa bayan mun yi namu ƙoƙarin, amin.